Katin Nowel da hannunka: takarda, kintinkiri da haƙƙin maƙwabci

 Ga watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko da ƙurarsa da sanyinsa, leɓɓa sun fara tsagewa, masu man kaɗe da masu rigunan sanyi na gwanjo sun samu kasuwa. Ma'aikaci yana ƙirga kwanakin da suka rage kafin albashi, ɗan kasuwa yana bin bashin da ke waje kafin ya rufe littafin shekara. A cikin wannan wata ne muke da ranakun hutu biyu: 18 ga wata, ranar Jamhuriya, da 25 ga wata, ranar da ƴan uwanmu Kirista ke sallar Nowel, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira Kirsimeti. Ta farko kowa ya san abin da ake yi a cikinta. Ta biyu kuwa, mafi yawanmu kwanciya muke yi mu huta, mu gode wa Allah, ba tare da mun tambayi kanmu ko sallar su wa ce ta ba mu wannan hutu ba.

A wannan mako na jingine maganar siyasa da ta tsadar shinkafa. Ina so in koya muku wani ɗan aikin hannu wanda bai wuce minti 20 ba, wato haɗa katin gaisuwar Nowel da takarda mai zane da ɗan kintinkiri, wanda teloli ke kira ruban. Na san wani babban alhaji a kasuwar Maraɗi ko wani darekta a Yamai zai ce wannan wasan yara ne, ya juya shafi. Ina roƙonsa ya ɗan dakata. Ni ma haka na ɗauke shi a da, har ranar da wannan wasan yara ya biya mini wani bashi da na kasa biya da baki.

INDA KATIN YA SAMO ASALI

Al'adar aika kati ba tamu ba ce, ba kuma ta Faransa ba ce tun farko. A Ingila aka haife ta. A shekarar 1840 hukumar ƙasar ta sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa, ya koma kwabo guda zuwa ko'ina a cikin ƙasa. Da abu ya yi araha sai wasiƙu suka yawaita, musamman a ƙarshen shekara, kuma a wurinsu rashin amsa wasiƙa babban rashin ladabi ne. Wani ma'aikacin gwamnati mai suna Henry Cole, wanda yana cikin waɗanda suka yi aikin wannan gyara na gidan waya, ya ga ba zai iya zama ya rubuta wa kowa doguwar takarda ba. A shekarar 1843 ya sa wani mai zane, John Callcott Horsley, ya zana masa hoto guda, aka buga kati 1000 a Landan, aka shafa musu launi da hannu. Waɗanda bai yi amfani da su ba aka sayar da su sule guda kowane ɗaya, kuɗin da talaka ba ya iya fitarwa a kan takarda a wancan zamani.

A tsakiyar hoton akwai iyali zaune suna biki, a gefe ɗaya ana ciyar da mayunwata, a ɗayan ana tufatar da matalauta. Sai dai mai zanen ya sa kofunan giya a hannun iyalin, har ana kurɓa wa ƙaramin yaro, abin da ya tayar da hankalin masu yaƙi da shan giya a ƙasar. Kun ga ke nan katin farko ma da rigima ya zo duniya. Daga baya injunan buga launi suka inganta, kuɗi ya sauka, talakawa suka shiga. A Amurka wani Bajamushe mai ɗab'i, Louis Prang, ya fara sayar da nasa a shekarar 1875. A 1949 kuma hukumar UNICEF ta fitar da katinta na farko, da zanen da wata yarinya ƴar shekara 7 ta yi a ƙasar Cekoslobakiya don gode wa taimakon da aka kai wa ƙauyensu bayan yaƙin duniya na biyu.

Abin lura a cikin wannan tarihi shi ne, wanda ya ƙirƙiro katin bugawa ya yi shi ne don rage wa kansa wahala. Shi ya sa tun daga farko akwai mutanen da ba su gamsu da shi ba, suka ci gaba da yanka takarda suna liƙawa da hannunsu, domin wanda aka aika wa ya san an zauna saboda shi.

YADDA YA ISO MANA

Mu nan ta hannun Faransawa ya shigo, kuma da rigar Faransawa. Su gaisuwar sabuwar shekara suka fi ba muhimmanci, kuma al'adarsu ta yarda a aika ta har ƙarshen watan Janairu. Wannan ce ma'aikatanmu suka gada. Tsofaffin ma'aikata sun tuna lokacin da akwatin gidan waya ke cika da katunan fatan alheri masu hoton dusar ƙanƙara da barewa mai jan amalanke, a ƙasar da ko a tsakiyar hunturu rana ke ƙona ƙeya da azahar. Sun kuma tuna cewa katunan nan, kamar hayaƙi, sama kawai suka san hanya. Sakatare ya aika wa shugaban sashe, shugaban sashe ya aika wa darekta, darekta ya aika wa minista. Mai gadi da masinja da direba, waɗanda su ne ke yawon kai katunan, ba wanda ya taɓa rubuta sunansu a bayan ambulan.

Bayan karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, katin Turai ya fara zama kayan masu hali. Wayar salula ta zo ta ƙarasa shi. Yanzu saƙo ɗaya ne mai furanni da walƙiya ke zagaya WhatsApp, wani ya turo maka, kai ma ka tura wa mutum 50 da ɗan yatsa guda, ba ka ma karanta shi har ƙarshe ba. Ban raina shi ba, da babu gara ba daɗi. Amma kowa ya san nauyinsa, mai aikawa da mai karɓa.

To, su wa za a yi wa katin Nowel a ƙasar da Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 ba? Ku duba kusa da ku. Akwai malamin lakwal da ya koya wa ɗiyanku lissafi. Akwai ma'aikatan asibitin Galmi, wanda ke karɓar marasa lafiya tun shekarar 1950 ba ya tambayar addinin kowa, da na Danja kusa da Maraɗi. Akwai Hausawa ƴan uwanmu na jini a Tsibiri da Dogon Dutsi da sauran wurare waɗanda aka haifa a gidan Kirista. Akwai kanikawa da kafintoci da teloli waɗanda kakanninsu suka zo daga Bini da Togo, su kuma nan aka yanke musu cibiya. Ɗan kasuwa kuwa ya fi kowa sanin abokan hulɗarsa na Kwatano da Lome, waɗanda ke fitar masa da kaya daga tashar jiragen ruwa, ya aika musu da miliyoyi bisa amana ba tare da takardar shaida ba. Mutanen nan, in sallar layya ta zo, su ne kan gaba wajen yi mana barka da salla. Sau nawa muka rama?

BASHIN DA NA CI

Malamina na aji biyar a Damagaram Kirista ne. Mahaifinsa ya zo daga ƙasar Bini tun zamanin Turawa, shi kuma a Damagaram aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ba ya son a yi shelarsa. Mushe muke ce masa, har yau haka nake kiransa. Shi ne ya fara sa mini alƙalami a hannu yadda ya kamata, shi ne kuma ya je har gida ya roƙi mahaifina kada ya fitar da ni daga lakwal ya kai ni rumfar kasuwa. Duk ranar da aka keɓe wa aikin hannu yakan zo da tsofaffin kalandu da almakashi guda, ya koya mana yanka da liƙi.

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 tarzoma ta ɓarke a Damagaram saboda zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa. Washegari ta isa Yamai. A cikin kwana biyu mutum 10 suka rasa rayukansu, hukuma kuma ta ce an ƙona coci 45 a Yamai kaɗai. A Damagaram ɗaruruwan Kirista suka fake a barikin soja. Zanen nan ya ɓata mini rai kamar yadda ya ɓata wa kowane Musulmi. Amma Mushe bai zana shi ba, bai taɓa zuwa Faransa ba, bai ma taɓa ganin jaridar da idonsa ba. Ina Yamai a lokacin, na fara aikin jarida ke nan, aka gaya mini an shiga gidansa, an kwashe abin da aka kwashe, an ƙona littattafansa, shi da iyalinsa suna bariki.

Lambarsa tana cikin wayata. Na ɗauko ta a daren, na ajiye. Na ce sai ƙura ta lafa. Da ƙura ta lafa sai na rasa abin da zan ce. In ce masa sannu? In ce ba da ni aka yi ba? Mako ya zama wata, kunyar rashin kira ta haɗu da kunyar abin da ya faru, kowace rana tana ƙara wa ƴar uwarta nauyi. Wata 11 na yi a haka. Na rubuta labarai a kan zaman lafiya da haɗin kan ƴan ƙasa, mutane suna yaba mini, alhali mutumin da ya koya mini rubutun bai ji muryata ba.

A watan Disamba na wannan shekara na je gida ganin tsohuwa. Ranar 24 ga wata na zagaya kantunan littattafai neman kati ban samu ba. Na dawo gida na zauna a zaure, sai na tuna da kalandu da almakashin aji biyar. Na samu takardar da aka naɗo wa ƙanwata kyautar aure, na roƙi guntun kintinkiri daga kekenta na ɗinki, na jiƙa ƙaro. Da safe na ɗauki abin da na haɗa, ƙafafuna suna nauyi, na yi sallama a ƙofarsa.

Ya fito, ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Ya karɓi katin bai ce komai ba, ya juya shi gaba da baya, ya shiga ɗaki ya fito da rula. Ya auna gefen hagu, ya auna na dama, sannan ya ce: "Ɗana, hagu ta fi dama da milimita biyu. Bakwai bisa goma." Muka yi dariya har Mama ta leƙo ta ga ko lafiya. Sai da muka sha ruwa ya gaya mini cewa a ranar tarzomar maƙwabcinsa Musulmi ne ya tsallakar da jikokinsa ta katanga ya ɓoye su a ɗakin matarsa. Ya ce: "Kujeru an saye wasu, littattafai ma wasu sun dawo. Abin da na yi ta ƙirgawa a bariki shi ne ɗaliban da na koyar, da waɗanda suka neme ni a cikinsu." Ban tambaye shi adadin ba, shi ma bai faɗa ba. Na ce: "Mushe, a gafarce ni." Ya ce: "Ai ga shi ka zo da aikin gida, ko da yake ka makara."

Tun daga wannan shekara ban fasa ba. Ga yadda ake yi, kamar yadda ya koya mana, da ɗan abin da na ƙara da kuskurena.

KAYAN AIKI

Ana bukatar takarda mai kauri, wadda ƴan lakwal ke kira biristol, fara ko mai launi guda. Takarda mai zane. Kintinkiri mai faɗin santimita 1 ko 1 da rabi. Almakashi, rula, fensir da abin liƙi. Takarda mai zane ba sai an saya ba. Takardar naɗe kyauta ta yi, tsohuwar kalanda ta yi, kwalin turare ko na shayi mai kyan zane ya yi. Masu kanti suna zubar da irin wannan kowace rana. Wanda bai samu ba ya je wurin tela ya roƙi ƙyallen atamfa, ya goge shi da dutsen guga, ya liƙa shi a kan farar takarda, sai ya bushe sannan ya yanka. Ta haka bakinsa ba zai zare ba. A Turai ja da kore ne launin Nowel, saboda wani ɗan itace da ganyensa ke zama kore cikin sanyi, ƴaƴansa kuma jajaye. In an samu waɗannan launuka madalla, in ba a samu ba babu laifi.

Abin liƙi kuwa, gam na kanti ya yi, amma ƙaro ya fi mini. Shi ne wanda malamanmu na allo ke sa wa tawada, kuma ƙasarmu tana cikin masu fitar da shi. A jiƙa ƴan ƙwayoyi a cikin ruwan ɗumi wanda ya ninka su biyu, a bar shi ya kwana, a tace da ƙyalle. Wanda ya haɗa ƙaramin kofi guda zai yi kati 20 da shi. A guji kunun sitaci, ruwansa ya yi yawa, yana sa takarda ta yi tamoji.

YADDA AKE HAƊAWA

Da farko a ɗauki takarda mai kauri mai girman takardar ofis, wato santimita 21 da 29.7, a raba ta biyu daidai a tsakiyar tsawonta. Kowane rabi kati guda ne. A ninka rabin biyu, zai ba da kati mai faɗin santimita 10.5 da tsawon 14.8, wanda ke shiga ƙaramin ambulan na wasiƙa mai santimita 11.4 da 16.2 ba tare da an matsa masa ba. Kafin a ninka, a ɗora rula a kan layin tsakiya a ja da bayan wuƙa ko da bik ɗin da tawadarsa ta ƙare. Wannan ƴar hanya da aka yi wa takarda ita ce ke sa ta ninku a miƙe ba ta karye ba. A lokacin hunturu takarda a bushe take, wanda ya ninka ta da ƙarfin hannu zai ga bayanta ya tsattsage.

Na biyu, a yanka takarda mai zane santimita 9.5 da 13.8, domin in an ɗora ta a fuskar katin a bar rabin santimita a kowane gefe. Wannan ɗan farin gefe shi ne ke bambanta aikin wanda ya auna da na wanda ya yi gaggawa, kuma a nan ne na rasa makina uku a gaban Mushe. A sa ɗigo da fensir a kusurwoyi huɗu tun kafin a taɓa gam.

Na uku shi ne inda mafi yawan masu koyo ke kuskure: kintinkiri ake fara sawa kafin a liƙa takarda mai zane a jikin kati. A yanka guntu mai santimita 13, a shimfiɗa shi a gicciye a kan takarda mai zane, wajen santimita 4 daga ƙasa, a lanƙwasa bakinsa biyu zuwa baya a liƙe su can. A ja shi ya miƙe, amma kada a ɗaure shi tamau har takardar ta lanƙwashe. A gaba kada a sa masa gam ko kaɗan, domin gam yana ɓullowa ta cikinsa ya bar tabo.

Na huɗu, a shafa gam a bayan takarda mai zane, siriri, a bi gefuna da tsakiya, a ɗora ta bisa ɗigon fensir, a shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Sannan a sa katin a ƙarƙashin littafi mai nauyi na minti 10. Iskar hunturu tana busar da gam da sauri, kuma in ya bushe ba a danne ba sai katin ya naɗe kamar ganyen da rana ta doka.

Na biyar, a yanka wani guntun kintinkiri mai santimita 18, a zura shi ta ƙarƙashin na farko, a ƙulla shi a kansa, a ɗan ja ƙullin zuwa gefe guda. Ya fi kyau a can fiye da tsakiya. A yanke bakinsa biyu a karkace. In na roba ne, a ɗan gifta bakin kusa da harshen ashana don kada ya warware, wannan kuma babba ne zai yi, ba yaro ba. In katin zai yi tafiya a cikin ambulan, ƙulli guda ya isa, domin babban ɗauri mai kunnuwa yana kumbura ambulan ya yage a hanya.

Na ƙarshe, a yanka ƴar farar takarda mai santimita 6 da 2 da rabi, a rubuta "Barka da sallar Nowel" da kyakkyawan rubutu, a liƙa ta sama da kintinkiri. An gama. Mai son ya ƙara ado yana iya yanka siraran takardu biyar masu tsawon santimita 6, 5, 4, 3 da 2, ya jera su a kan farar fuskar kati, doguwa a ƙasa gajera a sama, su ba da siffar itacen Nowel, ya sa ɗan tauraro a ƙoli. Mai mutane da yawa kada ya gama kati ɗaya sannan ya fara wani. Ya yanka duka, ya ninka duka, ya liƙa duka. Ni da ɗiyata mukan yi goma tsakanin magariba da lisha'i da ɗan abin da ya biyo baya, kuma ban taɓa kashe jika guda a kansu ba.

ABIN DA ZA A RUBUTA A CIKI

Nan ne ainihin aikin, takarda da kintinkiri riga ce kawai. Ma'aikatanmu sun saba da jimlar Faransanci guda wadda ake kwafa tun zamanin gwamna, mai fatan lafiya da wadata da tsawon rai, wadda ta dace da kowa saboda ba a yi ta don kowa ba. Ku bar ta. Ku rubuta sunan mutum da na iyalinsa, ku ambaci abu guda da ya yi muku a cikin shekara: ya kwana a kan ɗanku a asibiti, ya jira kuɗinsa wata uku bai tayar da murya ba, ya zo gaisuwar rasuwar mahaifiyarku ya zauna a tabarma har aka shafa fatiha. Layi uku sun isa. Ku rubuta da harshen da kuke magana da shi kullum, in Hausa ce Hausa, in Faransanci ne Faransanci, sannan ku sa hannu da shekara.

Na san tambayar da ke cikin zukatan wasu, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba: ya halatta Musulmi ya yi wa Kirista barka da sallarsa? Malamai sun yi saɓani a kan wannan, wasu sun hana, wasu sun halatta, ni kuwa ɗan jarida ne, ba ni ba da fatawa. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da ban taɓa jin malamai biyu sun yi jayayya a kansa ba shi ne haƙƙin maƙwabci, ko wane ne shi, da wajibcin gode wa wanda ya yi maka alheri. Mun kuma karanta a tarihi cewa lokacin da aka tsananta wa Musulmin farko a Makka, wurin sarkin Habasha, Kirista, suka sami mafaka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da kalmar Nowel ba, ya bar ta. Ya haɗa katinsa, ya rubuta godiya da fatan lafiya da gaisuwar sabuwar shekara, ya kai a cikin makon. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya fake da saɓanin malamai ya shekara bai tsallaka titi ya gai da wanda ke gaishe shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma waɗanda suka ɗauki ashana a 2015 sun tarar da tsagar a buɗe, shirun irina ne ya buɗe ta.

Saura kai wa. Wanda ke nesa a ba direban motar safa ko abokin tafiya, tun da gidan wayarmu akwati ya sani, ba ya bin gida gida. Wanda ke cikin gari kuwa, kada a aiki yaro, kada a aiki masinja. Zumunta a ƙafa take. Ka je da kanka da hantsi, bayan sun dawo daga coci, ka yi sallama, ka miƙa da hannu biyu, ka zauna ko na minti biyar ne. Darekta kuma, wannan karon ya gwada juya hanyar hayaƙi, ya duba ko a cikin masu share masa ofis da masu gadin ƙofarsa akwai mai salla a ranar.

Nawa na bana yana ƙarƙashin ƙamus tun jiya, ɗiyata ce ta zaɓi takardar, ni na auna gefuna har sau uku. Bara takwas da rabi na samu, kuma Mushe ya ce muddin yana raye ba zai ba tsohon ɗalibin da ya makara goma ba. Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Ga ƴan uwanmu Kirista na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai da ko'ina a cikin ƙasa, barkanku da salla, Allah ya maimaita mana cikin kwanciyar hankali. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.